ƊAN FARIN MANZO DAGA JAPAN

Shafi na 17

Masu aiko mini saƙo cewa na bar Dijatu tsaye a bakin ƙofa kwana huɗu, ku yi haƙuri, ƙafarta ba ta gaji ba. Ga ta nan inda muka bar ta, da ƙwaryar fura a hannu.

*

Jakar ce ta fara ba ta tsoro.

Kwana uku ke nan da Naoki Tanemura ya sauka a gidan mahaifinta Malam Manzo a Filinge, kuma tun ranar da ya zo kayansa a baje suke a kan tabarma kamar na mai shirin daɗewa. Yau Lahadi, ranar kasuwa, sai ga jakar a tsaye an zuge bakinta.

Da Faransanci suke magana, shi ne kawai harshen da ya haɗa su. Ita malamar lakwal ce, wato makarantar boko, shi kuma a filayen ƙwallon Faransa ya tsinci nasa.

"Yaya, mene ne wannan?"

"Na kira direban. Ƙarfe biyu zan koma Yamai."

"Sati biyu ka ce za ka yi."

"Na ce."

Ta ajiye ƙwaryar. Duk sanda ta kalle shi sai gabanta ya faɗi, don goshin nan da kafaɗun nan na Baba ne sak, idanun ne kawai na wata mace da ba ta taɓa gani ba.

"Wa ya ɓata maka rai?"

Ya yi murmushin da ba na daɗi ba.

"Dijatu, na buga ƙwallo a filin da mutum dubu talatin suke zagin launin fatata. Na san yadda ake nuna wa mutum ba a son shi. Amma su suna kallona suke zagin."

Ya nuna wajen zaure.

"In na shiga zaure, ubanmu ya tashi. In na gaishe shi, bango yake kallo, ya ba ki amsa ki ba ni. Ya fi ni iya Faransanci, na ji shi da direba. Jiya mai sayar da kaji ya wuce, ya kira shi da sunansa har da dariya. Ni kwana uku ban ji nawa sunan a bakinsa ba."

Babu ƙarya ko ɗaya a ciki. Ita ma ta gani, kuma abin yana cin ranta tun ranar farko.

"Zauna in gaya miki wani abu," in ji shi. "Ban taɓa gaya wa ɗan jarida ba."

Ta zauna a bakin tabarma.

"Ina da shekara goma sha takwas na fara da Shiokaze, ƙaramar ƙungiya ta garinmu a bakin teku. Rukuni na biyu muke. Shekara huɗu muka hau na ɗaya. Akwai kakar da na ci ƙwallo goma sha tara, babu ɗan wasan gaban da ya kamo ni. Sai aka kira ni ƙungiyar ƙasa."

"Ta Japan duka?"

"Ta Japan duka. Ni da wasu suke tambaya a jirgin ƙasa yaushe zan koma ƙasarmu. Wasa ashirin da ɗaya, ƙwallo takwas. Ranar farko da aka rera taken ƙasa uwata ta yi kuka har aka nuna ta a tele."

Ya shafa gwiwarsa ta hagu, wadda aka yi wa aiki sau biyu.

"Sai tayi biyu suka zo mini. Babbar ƙungiya a gida, inda mai horar da ƙungiyar ƙasa zai riƙa ganina kowane mako. Da wata ƙarama a arewacin Faransa, mai fama kada ta faɗi. Ya kira ni ofishinsa ya ce, in ka tafi can benci za ka ɗumama, ni kuma ba na ɗaukar ɗan wasa daga benci."

"Kuma ka tafi."

"Na tafi. Kin san dalili? Na bincika, aka ce mini tashoshin Faransa suna kamawa a Nijar. Na Japan ba sa zuwa."

Ya ci gaba.

"Na rubuta wa ubanmu wasiƙa ɗaya, da adireshin da ke bayan wani tsohon hoto. Layi huɗu. Ni ne ɗan Emi. Lamba goma sha takwas. Ranar Asabar. Ka kalle ni." Ya ɗaga kafaɗa. "Shekara huɗu, ƙwallo goma sha ɗaya, rabin lokacin a benci kamar yadda aka gaya mini. Ba a sake kirana ƙungiyar ƙasa ba. Abokaina suka tafi kofin duniya, na kalle su daga gadon asibiti. Bara na rataye takalmi a Shiokaze inda na fara."

"Ya ba ka amsa?"

"Ko layi ɗaya. Na ce wataƙila wasiƙar ta ɓace. Shi ya sa na zo da ƙafata. Yanzu na gane ba ta ɓace ba."

Ta miƙe. Tausayi ne ya cika ta, da fushi a ƙarƙashinsa.

"Ka ba ni lokaci zuwa ƙarfe biyun."

*

Gwaggo Tanne, yayar Malam Manzo, tana tsakar gida tana cuɗa kopto, zogale da ƙuli, wanda take kaiwa bakin kasuwa. Ta haura saba'in amma bakinta bai tsufa ba.

"Gwaggo, baƙonmu shina ɗaure kaya."

"Zuwa ina? Mi anka yi mai? Hurar ta ba ta yi mai ba?"

"Baba na. Kwana uku ko kallo nai bai yi ba, ko suna nai bai kira ba."

Tsohuwar ta kwashe da dariya har sai da ta riƙe gefen ƙwarya.

"To mi kika so shi yi? Shi rungume shi awa mutanen cikin tele? Ke da karatunki duka! Wa ka kallon ɗan hwari cikin ido? Wa ka kiran suna nai? Ni nawa har ya yi jika ban taɓa hwaɗin suna nai ba. Duk unguwag ga ta gani ta yaba, an ce Manzo ya karɓi ɗa nai a gaban kowa."

Kun ji inda aka yi kuskuren. Kwana uku mutanen unguwa suna shigowa suna fita suna gyaɗa kai, kowa ya ga uba yana kunyar ɗan fari ya fahimta, babu wanda ya tuna cewa mutumin da ya taso a bakin tekun Japan ba a haife shi da wannan sanin ba.

"Amma Gwaggo," in ji Dijatu, "Baba ba shi yin wagga al'ada. Yaya Tahiru hwa? Tun muna yara 'Tahiru zo, Tahiru tahi', har bisa wuya nai yaka ɗauka tai zuwa kasuwa."

Hannun Gwaggo ya tsaya a cikin zogalen.

"Ashe ke ma ba ki gane ba."

Ta goge hannu da gefen zane, ta jawo kujera 'yar tsuguno da ƙafa.

"Ranar sunan Tahiru, ubanku ya ɗauki jinjiri a gaban mata ya kira suna nai da ƙarhi. Gida ya yi tsit. Mata sunka ce Japan ta cinye mai kunya. Marigayiya uwarku ta shiga ɗaki tana kuka, tana ganin an wulaƙanta ta. Ni ko naj ja shi bayan rumbu nac ce, Manzo, hauka kaka yi? Sai yac ce, Yaya, wanga ba shi na na hwari ba. An riga shi."

"Shekara talatin kin sani?"

"Ya sa na rantse."

Sai ta ba ta labarin a gajarce. Zamanin mulkin soja ne gwamnati ta tura Manzo Japan koyon injin haƙa rijiya. Can ya auri Emi, a masallaci, da shaidu. Ya dawo neman takardun da zai kawo ta, ya bar ta da ciki. Wani kyaftin ya karɓe fasfonsa ya jefa a aljihun tebur, ya ce rijiya aka tura shi ya koyo, ba aure ba, ga ƙasa tana fama da fari. Aka tura shi haƙa can arewa da Abala. Da ya gaji da jira ya gwada tsallake iyaka a ɓoye, aka kama shi, ya yi shekara biyu a tsare. Da ya fito, wasiƙun da ya aika duk suka dawo masa ba a buɗe ba, iyayenta sun tashi da ita daga garin.

"To wasiƙar Yaya hwa? Ta iso?"

"Ta iso. Ke kina Yamai kina karatu. Tun daga ranan, duk Asabar shina shagon Garba mai tele. Bencin ƙarshe yaka zama, ya ba tele baya, huska tai tana kallon ƙohwa. Samari suna ta yi mai dariya, wai tsoho ya zo kallon balo da ƙeya. Ni ina bakin ƙohwa da ƙwaryata, ina gani nai. In mai maganan nan na cikin tele ya ƙwala sunan, sai in ga yatsan ƙahwa tai shina tonon ƙasa. Rannan da yaron ya ci biyu, ya hito ya saye kopto na duka ya raba ma yara, bai ce ma kowa don mi ba."

"Bai taɓa juyawa ba?"

"A gaban mutane? Ko sau guda."

Dijatu ta dafe kai. Mutum ya zubar da wurinsa a ƙungiyar ƙasarsa don ubansa ya gan shi, uban kuma ya je kowace Asabar ya ba shi baya don girmamawa. Ba ta san ko dariya za ta yi ko kuka ba, sai ta ji hawaye sun riga ta yanke shawara.

*

Malam Manzo yana ƙarƙashin bishiyar bedi a ƙofar gida, ya baje kayan wani tsohon fanfo yana gogewa. Ya yi ritaya da daɗewa, amma har yau in fanfon wani ƙauye ya tsaya, daga Tabla har Bonkuku, ƙofarsa ake bugawa.

Ta durƙusa ta gaishe shi.

"Baba, ƙarhe biyu za shi tahi."

Hannunsa bai tsaya ba. "Wa?"

"Ka san wa."

"An yi mai laihi?"

"Shina ganin ba ka son shi. Shina ganin kunyar haihuwa tai kaka ji."

Ƙarfen ya faɗi daga hannunsa.

"Ni? Ni da na tashi na ba shi zaure? Ni da ban ci abinci gaba nai ba? Mi ya rage ban yi ba?"

"Baba, can ƙasarsu ba a san wannan ba. Abin da kake yi don girma, shi ƙi ya gani."

Ya daɗe yana kallon ƙasa. Ta ga a fuskarsa cewa tunanin bai taɓa zo masa ba. Ya zauna a Japan wata goma sha huɗu, ya koyi cin abinci da tsinke, ya koyi sunkuya musu, amma bai taɓa ganin yadda uba yake yi da babban ɗansa a can ba, don bai kai ga zama uba a can ba.

"To ki hwaɗa mai. Ki bayyana mai da Hwaransanci."

"Zan hwaɗa. Amma ba bayani yaz zo nema ba. Bayani ko a waya sai a yi mai. Suna nai yaka son ji a bakinka, sau guda."

"Ba ki san abin da kika ce ba." Muryarsa ta yi ƙasa. "In na kira shi da suna gaban mutanen ga, na ce musu ba shi na ɗan hwari na ba. Na mai da shi awa kowane baƙo. Abu guda ɗai naka da shi da zan ba shi, Dijatu. Ban goya shi ba, ban kai shi lakwal ba, ban sai mai ko takalmin balo ba. Matsayin ga ɗai na tsare mai shekara talatin da huɗu, na bari anka ce mani marar kunya a kan Tahiru don kada wani shi zauna wuri nai. Yanzu in ƙwace da bakina?"

Ta ji maganar har cikin ƙashinta. Amma akwai abin da ya rage, kuma in ba ita ta faɗa ba babu mai faɗa.

"Ka gafarce ni, Baba. Wasiƙa tai hwa? Takarda ba gaban mutane take ba. Layi guda bai hi ƙarhinka ba."

Ta ci gaba.

"Wani abin kunya ta, na yarda. Wani ko tsoro na. Kana tsoron shi tambaye ka don mi ba ka koma ba bayan soja sun bar mulki, da fasfo ya dawo hannunka."

Ba ta taɓa yi masa magana haka ba. Ta jira ya kore ta.

"Da fasfo ya dawo," in ji shi a hankali, "kuna nan. Ke kina goye, Tahiru shina lakwal. Na zaɓa. Ban da amsar da ta hi wannan, kuma ba ta da kyau."

Ya tattara ƙarafan ya shige gida.

*

Ta bayyana wa Naoki komai, tun daga sunan Tahiru har bencin Garba. Ya saurara bai katse ta ba. Da ta kai wurin ƙeya da tele sai ya rufe ido.

"Wato ƙwallo goma sha ɗayan nan, bai ga ko ɗaya ba."

"Ya ji su duka."

"Na gode, Dijatu. Na yarda da ke, kuma ba na jin haushinsa kamar ɗazu." Ya ɗauki jakar. "Amma in na zauna, sati biyu zan yi ina kallon ƙeyarsa ina gaya wa kaina so ne. Ba zan iya ba. Ban taso a nan ba."

Ƙarfe biyu motar ta tsaya a ƙofar gida. Masu dawowa daga kasuwa suka fara tsaitsayawa da jakuna da kekunan shanu, don labari ya riga ya zaga. Naoki ya sunkuya wa Gwaggo, ya shiga baya ya zauna. Direban ya tayar da mota.

Sai ga Malam Manzo ya fito daga zaure, da ruwan alwala bai bushe a gemunsa ba. Ya zo ya tsaya a gaban motar, idonsa a ƙasa.

"Dijatu, ki ce mai akwai abin da ban yi ba."

Ta fassara.

"Ranar da anka haihe shi ina tsare. Wani mai gadi ya kawo mani labari bayan wata uku. Na raɗa mai suna ni ɗai a cikin ɗakin, ba liman, ba rago, ba kunnen da zan hwaɗa a ciki. Har yau ba wanda ya ji shi."

Ta sake fassarawa.

"Uba shina hwaɗin sunan ɗan hwari sau guda, a kunne nai, ranar da ya zo duniya. Al'ada ba ta hana wannan ba. Nawa sau gudan ban yi shi ba tukuna." Ya matso gefen motar. "Buɗe mani ƙohwa."

Ta buɗe. Tsohon ya sunkuya cikin motar, ya kama kan mutum ɗan shekara talatin da huɗu da hannu biyu kamar yadda ake tallafe kan jinjiri, ya kai bakinsa kunnen dama. Daga inda take tsaye tana jin kiran salla a hankali, har ya ƙare. Sai leɓɓansa suka motsa sau ɗaya.

Ya miƙe, ya juya baya, kafaɗunsa suna rawa.

Naoki bai san cewa abin da aka raɗa ba a ɗaga shi nan take ba. Ya dubi Dijatu da jajayen idanu, ya gwada kalmar a bakinsa da ƙarfi, kowa yana ji.

"Isufu?"

Gwaggo Tanne ta saki ƙwaryar da ke hannunta, ta zauna a ƙasa daɓas, ta rufe baki da gefen mayafi.

"Me ya faru?" in ji Naoki. "Na faɗa ba daidai ba?"

"Daidai ka faɗa," in ji Dijatu da ƙyar. "Sunan mahaifinsu ne, shi da Gwaggo. Sunan kakanmu ya ba ka. Yanzu ba Baba kaɗai ba, duk gidan nan babu babban da zai iya kiran ka da shi."

Naoki ya dubi bayan tsohon. Ƙofar motar tana buɗe, ƙafarsa ɗaya a ciki, ɗaya a kan yashi.

Direban ya leƙo ta madubi.

"Madam, ki tambaye shi. Mu tahi, ko in kashe?"